Zane Huɗu a Gaban Rumbun Sahel

Litinin, 14 ga Yuli, 2008, ƙarfe 4:40 na yamma

Sifiri. Na cire tabarau na goge da bakin riga na mayar, sifirin yana nan daram.

Bari in rubuta komai dalla-dalla, wataƙila in na gan shi a takarda hankalina ya kwanta. Wata goma ke nan da jami'armu ta turo ni Guangzhou kwas na aikin laburare. Aikin ƙarshe da aka ɗora mini shi ne in auna mujallun ƙasashen waje da ke laburaren jami'ar nan, guda ɗari shida da sha biyu, in ware waɗanda ake karantawa da waɗanda ke cin wuri a banza, domin suna neman kantoci kafin sabon zango. Ni na tsara hanyar da hannuna. Sati goma, daga 2 ga Yuni zuwa 8 ga Agusta. Mun manna sanarwa cewa duk wanda ya karanta mujalla kada ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya ajiye a kan amalanken da ke bakin ƙofa. Kafin a rufe, Madam Fang, dattijuwar da ke kula da ɗakin, sai ta duba abin da ke kan amalanke ta ja zane a takarda. Kowace mujalla zane ɗaya a rana, ko mujalladi nawa aka ɗauko daga cikinta. Tsohuwar mujallar da ba ta kai zane biyar ba, a kwashe ta a kai wa masu niƙa takarda. Ni na ce biyar. Malama Liang, shugabar sashen, uku ta ce, ni kuwa na tuɓure, wai uku ya yi sauƙi, ai aikin kimiyya muke yi. Kai Dogara, Allah ya shirye ka.

Yau aka ba ni takardun sati shida na farko. Rumbun Sahel ba ta da zane ko ɗaya.

Mujalladi ashirin da bakwai ce mai koren bango, daga 1961 zuwa 1987, a can Arewa aka riƙa buga ta. Noma, ruwan sama, tarihi, harshe, da Hausa da Turanci da Faransanci, har da hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami. Ta hanyar musayar littattafai ta zo ƙasar nan tun ina yaro. Ranar da na fara yin ido biyu da ita a kanta ta goma sha ɗaya, sai da na nemi kujera na zauna. Cikakkiya, ko mujalladi ɗaya bai ɓata ba. Ban san wani wuri a duniya da take cikakkiya ba, kuma ina da dalilin sanin haka, amma ba yau zan rubuta shi ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Moussa kullum yana tare da ita.

Talata, 15 ga Yuli, 1:15 na rana

Na laɓe bayan durowar katuna kamar ɓarawo, ni da furfurata, ina leƙen Moussa. Ɗan Maraɗi ne, yana digiri na uku a kan gero da ruwan sama, kuma tsofaffin alƙaluman damina da yake nema duk a cikin Rumbun Sahel suke. Awa uku ya yi a kan mujalladi na tara. Da ya gama ya rufe shi da hannu biyu, ya tashi, ya wuce amalanke, ya wuce sanarwata mai harshe biyu, ya je ya mayar da shi gurbinsa. Har ya sa tafin hannu ya daidaita shi da 'yan'uwansa.

Sati shida yana yin haka. Ni kuma ina sama a ofis ina zana jadawali.

Laraba, 16 ga Yuli, 2:00 na rana

Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, 5:20 na yamma

Bayan an sauko Juma'a muka tafi cin tuwo a unguwar Dengfeng, ni da Moussa da kawunsa Alhaji Tankari, mai ofis a ginin Tianxiu. Gidan abincin da a da sai ka jira kujera, yau teburi biyu ne da mutane. Tun da maganar wasannin Olamfik ta matso aka tsaurara biza, 'yan kasuwa sai kama hanya suke yi.

Na bari Moussa ya yi loma uku sannan na ce, "Moussa, ba ka ga sanarwar da ke bakin ƙofa ba?"

"Na gani, Malam."

"To?"

"Malam, ka dubi amalanken nan kuwa? Hawan bisa kullum cike yake, na ƙasa ko daidai takalman mutane. Mujalladi na tara akwai lissahin taurarin damana cikin ajami, da Bismilla aka hwara shi, ga ayoyi a gehe. In aje shi nan a ɗora mai abin da aka ga dama? Ko tsohuwata ta ji ba ta yahe mini."

Na yi masa bayani. Na gaya masa biyar, na gaya masa injin niƙa. Ya ajiye hannu a bakin kwano bai sake ɗauka ba. Ya ce rabin dosiyensa, wato kundin bincikensa, a cikinta yake.

Alhaji Tankari ya dube ni kamar na zo sayar masa da kayan jabu. "Ku 'yan boko kuna da abin mamaki. Yaro na karatun littahi kullum, kun ce ba a karanta shi don ba a yar da shi bisa amalanke ba? Wa ya kawo wagga dabara?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji."

Ya ƙara mini miya. Can ya ce yana da kwantenar da za ta tashi ƙarshen Agusta, rabinta iska ce, in za a ba shi littattafan ya kai su har Kano, bai son ko sisi.

Mun tsayar da shawara. Moussa zai ci gaba da karatunsa yadda ya saba, amma kafin ya fita ya bar mujalladi ɗaya marar ajami a kan amalanke. Ba ƙarya a ciki, ai yana karantawa. Sai dai daga Litinin an shiga tsarin hutu, ɗakin mujallu Talata da Alhamis kawai za a buɗe, da safe. Na ƙirga, ranaku shida suka rage. Biyar muke nema.

Litinin, 21 ga Yuli, 11:30 na safe

Na je wurin Malama Liang. Ta zuba mini shayi a ɗan kofin nan da bai fi kurɓi biyu ba, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Mace ce mai kirki, shi ya sa abin ya fi ciwo, domin na rasa wanda zan ji haushi.

"Malam Dogara, na yarda da kai," ta ce. "Na san ɗalibin, ina ganinsa. Amma in na karɓi shaidar baki a kan mujalla ɗaya, gobe farfesa talatin za su zo su rantse mini a kan nasu."

Sai ta jawo takardar tsarin aikin ta sa yatsa a kan doka ta huɗu: abin da mai binciken ya taɓa, ko ya shaida da bakinsa, ba ya shiga lissafi. Rubutuna ne. Na tuna ranar da na rubuta shi, har murmushi nake yi, ina ganin na toshe duk wata kafa ta son kai.

Na kawo maganar kwantenar Alhaji. Ta ce duk littafin da ke ɗauke da jan hatimin jami'a ba a ba mutum shi, ko kyauta ko saye. Laburare dai yana iya ba laburare, in shugaban namu ya aiko takardar neman kyauta da sa hannu da hatimi kafin 20 ga Agusta. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na faɗa ne kawai, ni na san gidanmu.

Talata, 22 ga Yuli, 12:10 na rana

Zane ɗaya. Sinawa in suna ƙirga, harafi guda suke ginawa mai zane biyar, kowane zane abu ɗaya. Madam Fang ta ja na farko, ɗan layi a kwance. Na tsaya ina kallonsa har ta tambaye ni ko lafiya.

Alhamis, 24 ga Yuli, 12:05 na rana

Biyu. Moussa ya ajiye mujalladi na sha takwas a hawan sama, ya waiwaya ya dube shi sau biyu kafin ya fita.

Asabar, 26 ga Yuli, 6:15 na yamma

Na sayi kati na kira Dakta Babayo, shugaban laburarenmu. Mun gaisa, ya tambayi Sinawa, ya tambaya ko da gaske suna cin maciji. Na kawo maganar takarda.

"Rumbun Sahel?" ya ce. "Dogara, ba kai ne ka rubuto mini a 2003 cewa ba mai taɓa ta ba?"

Na ce ni ne, ranka ya daɗe.

"To yanzu don ka gan ta a Sin ta zama zinariya?" Ya yi dariya. Ba da mugunta ya yi ba, haka yake. Ya ce zai duba, sai dai hatimin yana ofishin sakatariya, ita kuma ta tafi haihuwa da makullin.

Tunda ya faɗa, bari in rubuta. Muna da ita a gida, cikakkiya. Ni na ce a kai ta ɗakin ajiya na bayan ginin, don a sami wurin sa kwamfutoci. Kwali takwas, ni na rubuta lamba a kan kowanne. Damina biyu ban leƙa ba. Rufin yana yoyo ta kusurwar gabas, daidai inda na ce a jera su. Da muka buɗe, abin da ruwa ya bari gara ta gama da shi, na sa hannu zan ɗaga mujalladi sai ya biyo yatsuna kamar dafaffen kabewa. Na rubuta wa wurare goma sha ɗaya ina neman wata. Wannan yana da shida, wancan yana da tara, wani ma bai san an taɓa yin ta ba. Ba wanda ya tuhume ni, ko takardar gargaɗi ba a ba ni ba. Bara ma aka zaɓe ni zuwa kwas, wai ni ne na fi kowa sanin harkar mujallu.

Ina jin kunya. Ba wata kalma da ta fi wannan dacewa.

Talata, 29 ga Yuli, 12:30 na rana

Moussa bai zo ba.

Tun ƙarfe takwas nake zaune ina kallon ƙofa. Akwai wata ɗaliba 'yar ƙasar nan a teburin taga tana karatun sinadarai. Na tashi na nufi wurinta da niyyar in roƙe ta ta ɗauko kore guda ɗaya ta ɗora a amalanke, aikin minti ɗaya. Da na isa ta ɗago kai ta ce nihau, wato sannu, ni ma na ce nihau, na wuce banɗaki. Shekara ashirin da biyu ina aikin nan ban taɓa ƙara lamba ɗaya ta ƙarya ba. Yanzu ban sani ba, tsoron Allah ne ya hana ni ko girman kai.

Talata, 29 ga Yuli, 7:20 na yamma

Moussa ya kira. Tun asuba yana layin biza. Tallafin karatunsa ya ƙare a watan nan, ya nemi ƙarin wata shida ya gama rubutu, aka ce masa meyo, wato babu. Wai ya koma gida ya sake nema bayan wasanni. Kwana goma aka ba shi. Alhaji ya samar masa jirgin yammacin Alhamis, 7 ga wata.

"Kada ka damu, Malam," ya ce. "Alhamis, Talata, Alhamis. Ukku ke nan, da biyun da muke da su. Ya cika cif."

Shi da aka kora shi ke lallashina.

Alhamis, 31 ga Yuli, 12:00 na rana

Uku. Da na bar Malama Liang a kan ukunta, da yau an gama.

Lahadi, 3 ga Agusta, 4:00 na yamma

Takarda ba ta zo ba. Na kira gida, matata Hindu ta ce muryata ta canja, ko ba na cin abinci ne. Na ce mata zafi ne. Zafin ma gaskiya ne, riga biyu nake jiƙawa kafin azahar.

Talata, 5 ga Agusta, 12:15 na rana

Huɗu. Harafin ya kusa cika, saura layin ƙasa.

Moussa yana kwafe alƙaluma kamar ana bin sa, yatsunsa duk tawada. Ɗakin fotokwafi a rufe yake sai an dawo hutu. Na ce ya bar sauran, in ya dawo ya ƙarasa, ai tana nan. Ni na faɗa masa haka da bakina, tana nan. Har na sayi lemo biyu a hanya, muka sha a tsaye a bakin titin Huanshi muna kallon tutocin da aka jera.

Alhamis, 7 ga Agusta, 7:10 na safe

Yau ce. Ya Allah.

Alhamis, 7 ga Agusta, 2:30 na rana

Moussa ya tafi filin jirgi. Ya rungume ni, ya ce, "Mun ci, Malam." Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, 3:00 na rana

An rufe ƙirga.

Asabar, 9 ga Agusta, 9:40 na safe

Jiya da magariba duk garin ya koma gaban talabijin, ana buɗe wasanni. Alhaji ya aiko a kira ni gidan abinci, na ce kaina ke ciwo. Ina jin ihun maƙwabta ta bango duk sanda aka harba wuta.

To. Ga abin da ya faru ranar Alhamis.

Moussa ya zo da jakarsa, ya yi awa biyu a kan mujalladi na tara, don akwai jadawalin da bai gama ba. Wajen goma da rabi mai motar da Alhaji ya turo ya fara kiransa, sai an biya Tianxiu an ɗauki kaya. Babu lokacin neman wani mujalladin. Ya ɗauki na taran, ya yi jim, ya ɗora shi a hawan sama na amalanke, a bisa komai. Na raka shi bakin get, na dawo.

Da na dawo, mujalladin yana hawan ƙasa. Wani ya kawo manyan kundayen likitanci ya sauke shi ya sa nasa. Ya faɗi a buɗe, daidai shafin ajamin, Bismilla tana kallon sama. Ga mai goge ƙasa ta taho da bokitinta da tsummanta, baƙin ruwa yana fallatsa, taku biyu tsakaninta da amalanken.

Ban yi tunani ba. Wallahi ban yi tunani ba. Hannuna ne ya ɗauke shi. Na goge shafin da hannun riga, na rufe, na ɗora a kan durowar katuna, can sama, da niyyar tana wucewa in mayar. Sai ga Malama Liang ta leƙo, wai in zo minti biyar in duba jadawalin ƙarshe. Minti biyar ɗin ya zama arba'in. Ina saukowa na tarar Madam Fang ta ƙirga, ta sa hannu, ta kai takardar ofis.

Na yi magana. Na yi da Turanci, na yi da ɗan Sinancin da nake da shi, har da Hausa na yi. Madam Fang ta ce ita abin da ke kan amalanke ta gani. Malama Liang ta tambaye ni a hankali, "Wa ya ɗauke shi daga kan amalanken?"

Na ce ni.

Ba ta jawo takardar ba a wannan karon, ba ta kuma ambaci doka ta huɗu ba. Ta dai dube ni, ni ma na dube ta.

Da na ce ban san wanda ya ɗauke ba fa? Tun shekaranjiya nake juya wannan. Da na bar ruwan ya fallatsa fa? Shafi ɗaya zai ɓaci, ashirin da bakwai su tsira. Amma ko yanzu aka mayar da ni wurin, ban tabbata hannuna zai tsaya ba. Abin da na tambayi Moussa a kan tuwo, ba ka ga sanarwa ba, ashe ni ma ban gan ta ba.

Talata, 12 ga Agusta, 1:00 na rana

Saura takarda daga gida. Jiya da yamma na kira Dakta Babayo, yana taro. Na sake kira da dare, ya tafi ta'aziyya.

Na gaya wa Alhaji komai, ban da cewa ni na ɗauke. Na roƙe shi kada ya faɗa wa Moussa tukuna. Ya ba ni aron kyamarar da yake ɗaukar samfurin kaya. Yau na ɗauki mujalladi na ɗaya da rabin na biyu, shafi-shafi, batir ya mutu sau biyu. Madam Fang ta kawo mini kujera ba tare da na roƙa ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, 12:40 na rana

Na gama na uku. Na lissafa, in ɗakin zai riƙa buɗewa sau biyu a sati, sai Oktoba zan gama. Jirgina 6 ga Satumba.

Na miƙa rahoto. Shafi na 41, jerin waɗanda za a fitar, ɗari da talatin da takwas. Tana lamba ta 97. Ni na buga sunanta, na duba ko na yi kuskuren harafi.

Lahadi, 17 ga Agusta, 5:30 na yamma

An sami makullin ofishin sakatariya, babu wuta. Injin fakis, wanda za a turo takardar da shi ta waya, ba ya tashi da janareton ofis, in ji Dakta Babayo. Ya ce in kwantar da hankali, Sinawa ai mutanen haƙuri ne.

Talata, 19 ga Agusta, 10:20 na safe

Na zo da kyamara na tarar an sauke su. An ɗaure da jar igiyar roba, tara-tara, ɗauri uku, an jingine a ɗakin ƙasa tare da sauran. Na roƙi a kwance mini ɗauri ɗaya. An riga an shigar da su takardar fita, ba a kwancewa. Shafi sittin ɗin da na ɗauka ranar Alhamis kawai na samu daga na huɗu.

Laraba, 20 ga Agusta, 5:00 na yamma

Na wuni a gaban injin fakis na ofis. Sau biyu ya yi ƙara. Na farko tallan kujeru ne. Na biyu ban iya karantawa ba, amma ba namu ba ne.

Malama Liang ta ƙara mini kwana ɗaya da ikonta. Ta ce fiye da haka ba a hannunta yake ba, an riga an yi magana da masu mota.

Alhamis, 21 ga Agusta, 5:00 na yamma

Babu.

Juma'a, 22 ga Agusta, 4:10 na yamma

Ƙarfe tara motar masu niƙa takarda ta zo, shuɗiya, mutum biyu. Suna yanke bango mai hatimi su jefa gefe guda, cikin kuma a ɗora a sikeli. Na ce ba zan sauka ba, sai ga ni a ƙasa. Ƙofar ɗakin tana komawa da kanta, ɗaya daga cikinsu ya yi mini alama in riƙe musu. Na riƙe. Da suka gama ya ce sheshe, laoban, wato na gode, maigida.

Na je masallaci. Ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba.

Litinin, 25 ga Agusta, 11:00 na safe

Fakis ya zo. Sa hannu, hatimi, komai ya fito raɗau. Har Dakta Babayo ya ƙara da alƙalami a ƙasa: muna jiran wannan babbar taska.

Laraba, 27 ga Agusta, 3:30 na rana

An ba mu takardun shaida. An ce rahotona ne ya fi na kowa tsafta, za a riƙa nuna wa 'yan kwas na baɗi. Aka tafa, na tashi na rusuna, aka ɗauki hoto. A hanyar fita Malama Liang ta tsayar da ni ta ce za ta rubuta a gyara tsarin, a sa teburi mai tsayi kusa da amalanken. Na ce shawara ce mai kyau.

Kwantenar Alhaji ta tashi jiya. Ya cike gurbin da bokitan roba.

Talata, 2 ga Satumba, 4:25 na yamma

An kama azumi. Ina haɗa kaya waya ta yi ƙara, lambar Nijar.

"Malam! Moussa ne. Ina wuni, ko da yake mu nan hantsi ne. Ya azumi? Ya mutanen Sin?"

Muryarsa tas, ina jin kukan awaki a bayansa. Ya ce damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, tsohuwarsa tana gaishe ni, ta ce Allah ya yi wa malamin da ya ceci littattafai albarka. Ya ce an karɓi takardunsa, yana sa ran dawowa Disamba.

"Malam, wata 'yar alfarma kahin ka taso. Mujalladi na sha huɗu, akwai jadawalin ruwan Tasawa na shekarun yunwa. Na kwahe lambobin amma na mance shahin, kuma layi biyu na ƙarshe ban ga abin da na rubuta ba. Babi na ukku duk bisa shi ya tsaya. Yau Talata, na san an ruhe. Jibi in ka shiga ka dubo mini?"

Na buɗe baki. Na ji ana ce masa katinsa ya kusa ƙarewa.

"Malam? Kana ji na?"

"Ina ji."

"Na sha huɗu. Wajen tsakiya yake, ba ya da wuyar gani."

Na ce, "To, Moussa. Jibi."